Jirginmu ya taka birki yana gab da tashi a Kano, wai fitila ce ta kama. Wa zai fahimtar da ni?

Maman Sadiya ta Kwari:

Assalamu alaikum. Tun ranar Talata nake juya maganar nan a raina, barci ma ba na samun na kirki, shi ne na ce bari in tambaya ko Allah zai haɗa ni da mai sani.

Ina da shago a Kantin Kwari, atamfa da leshi nake sayarwa, kuma duk bayan wata biyu ko uku nakan je Legas saro kaya a Balogun. Shekara tara ke nan ina hawa jirgi, tun da gwiwata ta daina jure zaman motar dare. Na ga jinkiri iri-iri, na ga girgiza a cikin hadari, amma ban taɓa ganin irin na wannan karon ba.

Jirgin ƙarfe ɗaya na rana ne, ranar kuwa irin ta Afrilu, wadda kana hango kwalta tana rawa. Kujerata ta taga ce, daidai kan fiffike. Muka je bakin titi, ya ɗan tsaya, inji ya yi ƙugi, bayana ya manne da kujera kamar kullum. Gudu ya yi gudu, har na fara jiran hancinsa ya ɗaga. Ban kai ƙarshen addu'ar da nake yi ba sai na ji kamar an fizge ni gaba. Bel ɗin ya nutse a cikina, har yau wurin da tsami. Wayar mutumin da ke kusa da ni ta suɓuce ta bi ƙarƙashin kujeru, ba mu sake ganinta ba sai da aka miƙo ta daga can gaba. Ta taga na ga wasu faifai sun miƙe tsaye a kan fiffiken, wallahi na ɗauka ɓallewa yake yi. Injin kuma maimakon ya yi shiru, sai ya ƙara ruri. Salati ko'ina, wata Bayarabiya a bayana tana kiran Yesu, jariri yana tsala ihu.

Muka tsaya cak. Aka ce kowa ya zauna, kada wanda ya tashi. Motocin kwana-kwana suka zo suka tsaya gaba da baya. Wari kamar na tayar da aka ƙona ya shigo. Bayan kamar minti goma na ji jirgin ya ɗan karkata ɓangarena, mutumin wayar ya leƙa ya ce taya ce ta sace. Sai can matuƙin ya yi magana da Turanci, abin da na tsinta shi ne fitilar gargaɗi ta kama game da injin dama, shi ya sa ya fasa tashi. Mun fi minti arba'in a ciki muna zufa kafin a kawo matakala da bas. Ni dai gida na koma, ban jira wani jirgin ba.

To ga abin da ya tsaya mini. In fitila ce kawai, me ya hana shi rage gudu a hankali, ko ya tashi ya duba ta a sama, maimakon ya kusa karya mana wuya? Tayar nan kuma, anya ba ita ce ta fashe tun farko ba suka ɓoye mana da zancen fitila? Sannan in wuta suke tsoro har suka kira 'yan kwana-kwana, don me za a kulle mu a ciki? Alhaji ya ce tunda Allah ya nuna mini da idona, in koma motar dare. Ni kuma kaya sun yi ƙasa a shago, ga bikin Sallah na matsowa.

Ɗan Fagge:

Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ni fa ra'ayina ɗaya da Alhaji. Jiragen nan yawancinsu sun sha jiki a wata ƙasa kafin a kawo mana. Fitila ta kama, fitila ta mutu, ai ko motata haka take yi, shekara biyu fitilar inji na kunne ina ta harkokina. Wayar da ta saki ce kawai ko na'ura ta ruɗe, direban ya tsorata ya yi ta maza da rayukan mutane. Da ya bar shi ya tashi da yanzu kin dawo da kayanki.

Bakaniken Jirgi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki. Shekarata goma sha huɗu ina gyaran jirage, yawanci ƙirar Boeing 737, kuma birki da taya suna cikin abin da na fi taɓawa da hannuna. Duk abin da kika lissafa, har da sacewar tayar, haka aka tsara ya faru.

Kafin kowane tashi matuƙa suna fitar da wani adadin gudu da suke kira V1. Ba lamba ɗaya ba ce kullum. Nauyin jirgin a ranar, tsawon titi, ko ƙasa a jiƙe take, da zafin gari, duk suna sauya ta. Zafin Kano na Afrilu ma yana da nasa, don iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun ƙarfinsa sosai, jirgi ya fi cin titi kafin ya ɗaga. A 737 mai cike da fasinja lambar takan faɗa wajen kilomita 250 zuwa 280 a awa. In ba a kai ta ba, sauran titin zai isa a tsaya. In an wuce ta, ba zai isa ba, sai dai a tashi da matsalar a zagayo a sauka, ko da inji ɗaya ya mutu, don an ƙera jirgi mai inji biyu ya iya ɗagawa da ɗaya. Hannun kyaftin yana kan totur tun daga farkon gudu. Da an kira V1 sai ya ɗauke hannun, don kada ma zuciyarsa ta raya masa ya ja baya.

Daga fara gudu zuwa wannan wurin kusan daƙiƙa talatin ne. A gudun kilomita 250, jirgi yana cin mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Ki ga in ya tsaya tunani na daƙiƙa uku, ya cinye tsawon filin ƙwallo biyu. Shi ya sa ba a bar masa tunanin a lokacin ba, an riga an yanke shi tun a ƙasa. Kafin gudu ya kai wajen kilomita 150, ana tsayawa kan kusan komai: ƙara baƙuwa, fashewar taya, jirgi ba ya ja yadda ya saba. Da an wuce nan, dalilan sun koma 'yan kaɗan: wuta ko gargaɗin wuta, mutuwar inji, gargaɗin iskar nan mai juyawa farat ɗaya irin wadda ta kayar da jirgin da Sarkin Musulmi Maccido ke ciki a Abuja a 2006, ko kuma in ya tabbata jirgin ba zai iya tashi ba. Jirage na zamani da yawa ma su da kansu suke danne ƙananan gargaɗi a wannan tsakanin don kada su raba hankalin matuƙi. Tunda kin ce kun yi nisa da gudu, fitilar da ta tsayar da ku ba ta ƙaramin sha'ani ba ce.

Zancen a hankali kuwa, babu shi. 737 cike yana iya haura tan 70, wato ya fi lodin tirela biyu ta siminti mai buhu ɗari shida-shida. Akwai maɓallin da ake saitawa kafin tashi, da kyaftin ya ja totur baya birki zai kama da kansa iyakar ƙarfinsa. Faifan da kika ga sun miƙe aikinsu su kashe ɗagawar fiffike, nauyi ya koma kan tayoyi birki ya ci. Rurin da ya ƙaru kuma injin ne aka juya iskarsa tana turawa gaba. Wanda ya taka a hankali don kada fasinja su ji zafi, a daji zai ƙare.

Kuma kuskuren yana da fuska biyu. A Fukuoka ta Japan, a watan Yunin 1996, wani jirgi ƙirar DC-10 na Indunisiya ya samu matsalar inji bayan ya wuce V1, kyaftin ya ce zai tsaya. Titi ya ƙare, jirgin ya karye ya kama wuta, mutum uku suka rasu.

Sai taya. Duk wannan gudun da aka kashe zafi ya koma, kuma a birki ya taru, har yakan yi ja kamar ƙarfen maƙeri. Iskar tayar jirgi ta ninka ta mota kusan sau shida. In zafin ya ratsa ta ta fashe, ɓarɓashinta kaɗai zai iya kashe mutum. Don haka aka dasa wani ɗan toshi a jikin ƙarfen tayar wanda yake narkewa da zafi, iska ta fita a hankali. Lura da abin da kika faɗa da bakinki: sai bayan minti goma da tsayuwa ta sace. Da ita ce ta fashe tun farko, da kin ji ƙara da jijjiga kuna cikin gudu. Na sha canza irin waɗannan tayoyin, fatarsu lafiya lau, toshin ne kawai ya tafi.

Ɗan Fagge:

Injiniya na ji bayaninka, amma ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah. Sau nawa kuke buɗe injin bayan irin wannan ku tarar babu komai, na'ura ce ta yi ƙarya?

Bakaniken Jirgi:

Yana faruwa, ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba. Na taɓa kwana ina bin waya ɗaya-ɗaya, ƙarshe wani ɗan soket ne ya yi datti. Amma ni na gano haka ne da fitila a hannu da awa shida. Shi matuƙin yana da daƙiƙa biyu, kuma daga kujerarsa ko injin ba ya gani sosai.

Ga abin da tunanin "ƙarya take yi" ya haifar a nan gida. Ranar 3 ga Oktoban 2013, wani ƙaramin jirgi ƙirar Embraer 120 zai tashi daga Legas zuwa Akure ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu. Daƙiƙu kaɗan da fara gudu, muryar na'ura ta fara gargaɗi cewa leɓɓan fiffike, waɗannan da kuke gani suna zamowa ta baya kafin tashi, ba a saita su ba. Suka ci gaba. Injin dama kuma ba ya ba da ƙarfin da ya kamata, jirgin yana jan jiki. Mataimakin ya tambaya ko a fasa, kyaftin ya ce a ci gaba. Ya ɗaga da ƙyar, ya karkata, ya faɗo dab da filin. Cikin mutum 20, 16 suka rasu. Duk wannan masu bincike sun ji shi a na'urar da ke naɗar maganar matuƙa.

Kafin nan an yi irinsa a Ajantina, ranar 31 ga Agustan 1999, a Buenos Aires. 737 ne, an manta leɓɓan fiffike, ƙararrawa ta yi ta kuka tun daga farkon titi har ƙarshensa, matuƙan suna ji suna tambayar juna mene ne wannan, ba su tsaya ba. Jirgin ya ƙi tashi, ya fasa shinge ya tsallaka titin mota. Mutum 65 suka rasu.

Motarka in ta mutu a kan titin Zariya, gefe za ka gangara ka kira bakanike.

Malam Tsoho, Sakkwato:

Ni ba ni da ilimin injiniya, malamin firamare ne mai ritaya. Amma da na karanta Hajiya tana zancen taya sai jikina ya yi sanyi.

Ranar 11 ga Yulin 1991 muna jiran alhazanmu a nan Sakkwato. An share gidaje, an ɗora tukwane. A unguwarmu mutum biyu ne a jirgin, ɗaya limamin da ya ɗaura mini aure. Jirgin DC-8 ne da aka yi haya daga Kanada, ya tashi daga Jidda da safe. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita.

Daga baya aka bayyana cewa tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san haka, amma ana sauri don jigila ta yi baya. Yana cikin gudu a ƙasa tayoyi biyu suka fashe. Matuƙan sun ji alamar, har sun yi zancenta a tsakaninsu, sai dai babu fitila ko ƙararrawa da za ta gaya musu wuta ta kama a wurin. Suka tashi, suka naɗe tayoyin da wutarsu cikin cikin jirgi. Sun juyo za su sauka, ba su kai titi ba.

Shekara talatin da wani abu ke nan ina tunanin da a ce sun tsaya. Da alhazai sun yi fushi, sun zauna a zafin Jidda kwana ɗaya ko biyu suna ƙorafi, kamar yadda aka saba. 'Yata, ba na ce ki ƙi maganar maigidanki ba. Amma in kin sake haɗuwa da wannan matuƙin, ki gaishe shi a madadina.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jirgi:

Allah ya ji ƙansu, Baba. Hajiya, bari in amsa miki na zaman da aka sa ku, don shekara bakwai na yi ina wannan aikin kafin in yi aure.

Da jirgi ya tsaya, mu ma jira muke yi. Kowace tana bakin ƙofarta tana leƙen waje, ko akwai hayaƙi ko harshen wuta. Matuƙa suna bin takardar matakai, 'yan kwana-kwana suna gaya musu ta rediyo abin da suke gani. In an ga wuta, ba za a jira matakala ba, za a buɗe ƙofofi a saki tabarmar zamewa. Sharaɗin da ake gwada jirgi da shi shi ne kowa ya fita cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi kawai. Amma fitar gaggawa ita ma tana da nata rauni: karaya, gocewar ƙashi, tsofaffi su faɗo kan juna. Ga inji da bai gama tsayawa ba, ga tayoyi masu zafi da ko 'yan kwana-kwana ba sa tunkararsu ta gefe, shi ya sa kika ga sun tsaya gaba da baya. In babu wuta, cikin jirgin ya fi wajen aminci, duk da zufar.

Abin da ake koya mana da shi tun makon farko shi ne na Manchester a Ingila, 22 ga Agustan 1985. Matuƙan sun tsaya a kan lokaci, amma inji ya riga ya fasa tankin mai. Mutum 55 suka rasu jirgi yana ƙasa, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su a layin fita. Bayan shi ne aka ƙara faɗin hanya wajen ƙofofin kan fiffike, aka kuma ƙarfafa sa fitilun nan na ƙasa masu nuna hanya.

Tambaya ɗaya zan yi miki, Hajiya, kada ki ji haushi. Lokacin da kuka tsaya, ina jakarki?

Maman Sadiya ta Kwari:

Kin kama ni, 'yar'uwa. Kafin a ce kowa ya zauna na riga na miƙe ina jan babbar jakata daga sama, don katin banki da takardar lissafin masu bina bashi duk suna ciki. Yarinyar jirgin ta daka mini tsawa, har na ƙullace ta a raina na ce ko 'yata ba ta isa ba. Yanzu kunya nake ji.

Baba, amin, Allah ya gafarta musu. Na karanta wa Alhaji naka sau biyu. Bai ce komai ba, sai da zai fita masallaci ya ce to ki dai ɗauki na safe. Injiniya, na gode, Allah ya saka. Na gwada ƙirga talatin ɗin nan a zaune a shago, ko ninke turmi ɗaya ban gama ba ta cika.

Na yanki tikitin Litinin, na ƙarfe bakwai. Na sa tela ya yi mini aljihu mai zif a cikin abaya, kati da waya su zauna a jikina. Kujerar taga na sake nema, daidai fiffike, ina so in ga leɓɓan nan suna zamowa da idona kafin mu shiga titi. In na ga ba su zamo ba, wa zan gaya wa, kuma za su saurare ni?